Darasi na 14: Shirin Kai Yara Ganin Teku daga Dutse Alhaji

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, daga Badagry a yamma har zuwa yankin Kalaba a gabas, amma yaron da aka haifa a Dutse Alhaji yana iya kammala firamare bai ga ruwan da ya fi na madatsar Usuma ko tafkin Jabi faɗi ba. Iyaye da yawa suna da burin wata rana su ɗebi iyali a mota su kai su Ikko, su gaida 'yan uwa a Agege ko Idi-Araba, yara su ga teku da idonsu. Waya ta ƙara hura wutar wannan buri, domin kullum tana nuno Turawa da 'ya'yansu cikin mota mai ɗaki, wadda ke da gado da murhu da bayan gida, sun faka a bakin ruwa suna shan iska. Burin mai kyau ne kuma mai yiwuwa ne. Wannan darasi yana tsaye ne a kan magana ɗaya: tafiyar da aka ɗauki ƙananan yara a cikinta ana auna ta ne da ƙarfin mafi ƙanƙantarsu, saboda haka abin da maigida da uwargida za su fara yankewa shi ne inda za a kwana kowane dare, kuma a isa wurin da sauran rana. Kuɗin mai da zaɓin mota da ranar tashi duk a bayan wannan suke biyowa.

Mu fara da ita motar mai ɗaki, tunda ita ke jan ido. A Faransa da Jamus da Ostiraliya tana aiki ne domin an yi mata muhalli: akwai filaye na musamman masu shinge da mai gadi, inda matafiyi zai biya kuɗi ya faka, ya jona wuta, ya ɗebi ruwan famfo, ya zubar da ƙazantar bayan gidan motar a wurin da aka tanada. Motar rabin tsari ce, filin shi ne ɗaya rabin. A hanyar Abuja zuwa Ikko ba a saba da irin waɗannan filaye ba. Wanda ya cire kujerun bayan Sienna ko ƙaramar bas ya shimfiɗa katifa, inda zai samu ya kwana shi ne gidan mai ko garejin manyan motoci, cikin hayaƙin tirela da sauro. In ya rufe gilashi zafi ya hana yara barci, in ya buɗe sauro ya shiga. In kuwa ya bar inji a kunne domin sanyin esi, ko ya kunna janareto kusa da motar, ya jawo haɗarin iskar nan mai guba da ke cikin hayaƙin inji, wadda ba ta da wari ba ta da launi, wadda kuma ta sha hallaka iyalai cikin barci a ƙasar nan. Cire kujerun ma kansa ɓarna ce, domin kujera da bel ɗinta su ne kariyar yaro lokacin da mota ke gudu. Don haka a wannan hanya mota ta tsaya a matsayinta na abin hawa, kwana kuwa a yi shi a ɗaki.

Ba sai mun je Turai aron tsarin doguwar tafiya ba. Fataken goro da suka riƙa tashi daga Kano da Katsina zuwa Salaga a ƙasar Gwanja suna yin watanni a hanya, da jakuna da kaya da mata. Baturen nan Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, ya kuma ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura dubu. Abin da ya riƙe irin wannan taro shi ne sanin zango. Madugu ya san inda za a sauka tun kafin a ɗaura kaya, jagaba yana gaba yana duba hanya, ana sammako a yi tafiya da sanyin safiya, a sauka da wuri domin dabbobi su yi kiwo a dafa abinci a huta. Jakin da ya fi rauni shi ke yanke tsawon tafiyar yini, domin ba a barin kaya a daji. A garuruwan da ake sauka kuma akwai mai masauki, wanda ke karɓar baƙo ya ajiye masa kaya ya nuna masa gari. Uban da zai fita da yara uku daga Dutse Alhaji aikin madugu ne a kansa, kuma ɗan wata goma da ke bayan uwa shi ne ma'aunin ayarinsa.

To, mu yi lissafin hanya. Daga Dutse Alhaji za a sauko babban titin Kubwa, a bi ta Zuba, Gwagwalada, Kwali, Abaji, Koton Karfe, a haye kogin Kwara ta gadar Murtala Mohammed, a shiga Lakwaja. Wannan kusan kilomita 200 ne. Daga nan a nufi Okene, a bi ta Owo zuwa Akure, sai Ilesha da Ife da Badun, sannan titin Badun zuwa Ikko mai kimanin kilomita 127. Jimilla kusan kilomita 750. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta yarda ƙaramar mota ta yi gudun kilomita 100 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Sai dai ramuka da shingayen bincike da jerin tireloli da kasuwannin bakin titi suna cinye wannan gudu, ta yadda direba mai hankali da wuya ya wuce matsakaicin kilomita 60 a awa. A raba 750 da 60, an samu awa 12 da rabi na tuƙi zalla. Ƙaramin yaro yana buƙatar a tsaya duk bayan awa biyu ya yi fitsari, ya sha nono, ya miƙe ƙafa. Tsayawa biyar ta minti 20 da tsayawa ɗaya mai tsawo ta sallah da abinci sun ƙara fiye da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe 6 na safe zai shiga Ikko wajen ƙarfe 9 na dare, in taya bai fashe ba, in kuma cunkoson Berger a mashigar Ikko ya yi masa sauƙi. Rana kuwa tana faɗuwa wajen ƙarfe 7 ko kafin haka. Lissafin da kansa ya nuna wannan hanya ba ta yini ɗaya ba ce ga mai yara.

Mafi ƙaranci a raba ta biyu, a kwana a Akure, wadda ta ɗan wuce tsakiyar hanya. Mai jariri ko mai yara uku 'yan ƙasa da shekara biyar gara ya raba ta uku, ya kwana Lakwaja ya kwana Badun. Zangon farko gajere ne da gangan: a nan ne za a gane ko wani yaro mota tana sa shi amai, ko an manta wani abu, ko motar tana zafi, alhali gida bai yi nisa ba. Lakwaja kuma gari ne da ya cancanci a yini a cikinsa. A nan Kwara da Binuwai suka haɗu, daga kan dutsen Patti ana hango mahaɗar, kuma a nan Turawa suka ajiye sarakunan Arewa da suka tuɓe, cikinsu har da Sarkin Kano Alu Babba, wanda ya rasu a garin a 1926. A Badun akwai unguwar Sabo, inda Hausawa suka fi shekara ɗari da zama, ba a rasa masallaci da tuwo da mai jin yarenka. Masaukin ko gidan ɗan uwa ne ko otal, a tabbatar da shi ta waya kwanaki kafin tashi, a tambayi ruwa da wuta da wurin faka mota a cikin shinge. In gidan ɗan uwa ne, a faɗa masa yawan mutane da ranar zuwa da ranar tashi, a kuma riƙo tsaraba. Sauka da yara biyar a gidan mai ɗaki biyu ba tare da sanarwa ba yana ɓata zumuncin da aka je ƙullawa.

Akwai masu cewa tafiyar dare ta fi dacewa da yara: gari ya yi sanyi, hanya ta rage cunkoso, yara suna barci babu kuka babu rigima, gari na wayewa an isa. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa manyan motocin dare ba sa rasa fasinja. Amma a duba abin da aka saya da abin da aka bayar. Direban da ya yini yana shiri sannan ya kama sitiyari bayan isha'i, tsakanin ƙarfe 2 da 5 na asuba gyangyaɗi zai zo masa ko ya ci goro ko ya sha shayi. Tirelar da ta lalace a tsakiyar titi ba fitila, ba a ganinta sai an zo kanta. In mota ta tsaya a dajin da ke tsakanin Okene da Owo da tsakar dare, babu bakanike babu mai faci, kuma kowa ya san labarin fashi da satar mutane a hanyoyin Kogi da Ondo. In yaro ya kama zazzaɓi ko numfashinsa ya sarƙe, asibitin da za a samu a buɗe da likita a ciki yana da wuyar samu ga baƙo cikin duhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Kukan yaro da rana abu ne da ake lallashi da ayaba da wasa. Abin da dare ke kawowa ba ya lallasuwa. Wanda ya ce ai komai na Allah ne ya faɗi gaskiya, kuma malamanmu sun koyar cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali.

Ƙorafi na biyu na kuɗi ne, kuma ya fi na farko nauyi. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, mai shi ne babban abin da ke cin kuɗin tafiya. Mu ɗauka motarka tana cin lita ɗaya a kilomita 10. Zuwa lita 75, dawowa 75, zirga-zirga cikin Ikko da cunkosonta a ƙara 30, ya zama lita 180. A ninka da farashin lita na ranar. A kan wannan ne za a ɗora kwana biyu ko huɗu na masauki a hanya, sai maigida ya ji kamar kwanan ɓarnar kuɗi ne. Amsar ita ce a sa kuɗin masauki cikin asalin kuɗin tafiya tun farko, daidai da mai, domin in bai isa ba to kuɗin tafiyar ne bai cika ba, sai a ƙara wata uku ana tari ko a shiga adashi. A ware kuma wani kaso, kamar ɗaya bisa biyar na jimilla, wanda ba za a taɓa ba sai mota ta lalace ko wani ya kwanta ciwo, a riƙe wani abu a hannu tsaba saboda ranar da na'urar POS ta ƙi aiki. Mai hali yana iya hawa jirgin sama, tafiyar kusan awa ɗaya ce daga Abuja, kuma ga mai jariri wannan zaɓi ne mai kyau. Akwai kuma tsaka-tsaki: jirgin ƙasan Badun zuwa Ikko da aka buɗe a 2021 yana tashi daga Moniya ya sauka Ebute Metta, sai a bar mota a hannun amintacce a Badun a huta da tuƙi cikin Ikko, yara kuma su sami hawa jirgi.

A cikin motar kanta, al'adar da ta fi buƙatar gyara ita ce ɗora yaro a cinya a kujerar gaba. Uwa tana jin cewa hannunta ya fi komai tsaro, amma lokacin da mota ta yi karo, jikin yaro yana fizgewa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, babu hannun da zai riƙe shi, kuma jakar iskar da ke fashewa a gaba an yi ta ne don ƙirjin babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara da aka ɗaure daidai tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kusan kashi 71 cikin 100. FRSC tana umartar a zaunar da 'yan ƙasa da shekara 12 a baya. Saboda haka yawan bel shi ne yawan fasinja: mota mai kujera bakwai mutum bakwai za ta ɗauka, har da jariri a lissafi, ko da gwaggo ta ce ita ma za ta bi. Kada a bar yaro shi kaɗai a mota a rufe ko na minti biyar, domin jikinsa yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba. Mako guda kafin tashi a kai motar wurin bakanike ya duba birki da tayoyi da fitilu da ruwan lagireto, a tabbatar da safaya tana da iska, jak yana aiki, lasin da inshora ba su ƙare ba. A rubuta lambar gaggawa ta FRSC, 122, da ta ƙasa, 112, a takarda.

Guzuri ya zama busasshe: dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, biskit, burodi, da ayaba da lemo da ake ɓarewa. Fura da nono da shinkafa da miya suna lalacewa cikin zafin mota kafin azahar. Ruwan sha a ɗebo daga gida ko a sayi na roba mai hatimi. Gudawa ita ce ciwon matafiyi ƙarami, tana kuma ƙarar da ruwan jikinsa cikin awoyi, don haka a riƙe ƙunshin ORS da ƙwayar zinc, da maganin zazzaɓi na yara da ma'aunin zafi. Gidan sauro mai magani ya shiga jaka tare da igiya, domin ba kowane masauki ke da shi ba, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Yaron da jikinsa ya yi zafi a hanya a kai shi a gwada jininsa a ranar.

Lokacin tafiya ma yana cikin lissafin zango. Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne cikin damina, lokacin da teku ke tashi da ƙarfi, kuma ƙarshen damina shi ne lokacin ambaliya. A 2012 da kuma Oktoban 2022 ruwa ya shanye titi a yankin Koton Karfe da Lakwaja, matafiya suka yi kwanaki a maƙale. Makon Kirsimeti hanya tana cika maƙil kuma masauki yana tsada. Hutun Ista ya fi sauƙi duk da zafinsa, wanda kuma yaransa ba su shiga makaranta ba ya zaɓi Nuwamba ko Fabrairu.

Sai teku. Yaron Arewa da ya saba da rafi ko kududdufi, da ubansa da ya iya iyo a kogi, duk baƙi ne a nan. Tekun Atlantika a gaɓar Ikko yana da raƙuman ruwa masu ƙarfi, kuma ruwan da ya bugo gaɓa yana komawa ciki ta wasu siraran hanyoyi da ƙarfin da ke jan babban mutum, sau da yawa a daidai inda ruwan ya fi kama da kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka nutse a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro yana nutsewa ne shiru, ba ihu ba fantsama, sau da yawa a gaban manya da yawa waɗanda kowannensu ya ɗauka wani ne ke kallonsa. Maganin wannan shi ne a raba yara da suna tun a mota: Baba yana da wane, Mama tana da wance, kuma mai riƙon yaro ba ya ɗaukar hoto ba ya amsa waya. Ƙaramin yaro iyakarsa inda ruwa ke taɓa idon sawu, hannunsa cikin na babba. A zaɓi gaɓar da ke da masu ceto, a tambaye su inda ya halatta a tsaya. Tarkwa Bay ruwanta ya fi kwanciya saboda katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa, amma da kwalekwale ake zuwa, saboda haka kada a hau sai an ga rigar kariya daidai jikin kowane yaro. A kuma bincika kafin a fita, domin gaɓar tana canzawa: tsohuwar Bar Beach ta zama filin Eko Atlantic, an kuma rushe gine-ginen Landmark Beach a 2024 saboda titin gaɓar teku na Ikko zuwa Kalaba. A je da safe, a tashi kafin rana ta take.

Wani dattijo zai iya tambaya: duk wannan wahala da kuɗi don kallon ruwa, ba almubazzaranci ba ne, ga kuɗin makaranta ga haya? In tafiyar za ta taɓa kuɗin makaranta ko ta jawo bashi, to dattijon ya yi gaskiya, a fasa, a kai yara Ushafa ko a nuna musu mahaɗar koguna a Lakwaja a dawo washegari. In kuwa an tara mata kuɗinta daban, abin da yaro zai samu ya wuce kallo. Zai ga yadda ƙasa ke sauyawa daga duwatsun Bwari zuwa kurmin koko da kwakwar manja, zai ji Ebira da Yarbanci a kasuwa, zai ga kakanninsa na Agege da bai sani ba sai a waya. In an ƙarasa Badagry zai ga gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845, ya ga tsibirin Gberefu inda aka riƙa fitar da bayi zuwa jiragen ruwa, darasin da allo ba zai iya ba shi kamar haka ba. Zai kuma ga iyayensa suna sallar ƙasaru, ya tambaya, a bayyana masa cewa a mazhabar Malikiyya matafiyin da tafiyarsa ta kai kimanin kilomita 80 yana mayar da sallah mai raka'a huɗu zuwa biyu, har sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen waɗanda zai tafi da su da shekarunsu, ya ja layi ƙarƙashin mafi ƙanƙanta. Ya raba hanyar Dutse Alhaji zuwa Ikko zango-zango yadda kowace rana za a sauka kafin la'asar sakaliya, ya rubuta garin kwana da irin masaukin. Ya tambayi farashin lita a gidan man da ya fi kusa da shi, ya lissafa kuɗin lita 180, ya ƙara masauki da abinci, sannan ya ƙara ɗaya bisa biyar na jimilla. A darasi na gaba za mu raba wannan jimilla a kan watanni, mu ga nawa ne za a riƙa ajiyewa duk wata.